Idan injin anestezi, na sa barci, ya fara kuka ana tsakiyar aiki

Salamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan bulok, wato ɗakin tiyata. Wannan rubutun na yi shi ne saboda ƙannenmu masu zuwa sitaj (koyon aiki), da waɗanda aka tura asibitocin gunduma can wajen Marwa ko Kusuri ko bayan Ngaundare, inda kai ne mai sa barci, kai ne mai gyaran inji, in gurup, wato janareta, ya ƙi tashi ma kai za a juyo a kalla. Na daɗe ina lura da abu ɗaya, duk sabon yaro in inji ya yi ƙara hannunsa baya zuwa ko'ina sai kan maɓallin kashe ƙarar. Toh maɓallin nan shirun minti 2 yake baka a yawancin injuna, kuma minti 2 ga mace mai ciki ko ɗan jariri ba wasa bane, su oksijin ɗinsu baya jiran kowa, kafin kace me saturasiyo, wato awon oksijin na jini, ta gangaro 80 kana nan kana latse-latse.

Alam dai abu ɗaya yake faɗa maka, wani abu ya canza tsakanin bangon da oksijin ke fitowa da huhun mutumin da ke kwance. Ko inji ne, ko tiyo ne, ko sondi ce (robar numfashi da aka zura a maƙogwaro), ko shi kansa mara lafiyar. Aikinka na farko ka tabbata iska na shiga tana fita, binciken laifin waye ya biyo baya.

Daƙiƙa 30 na farko

Ɗaga ido ka karanta abinda allon ya rubuta. Injunanmu yawanci Faransanci suke yi, wasu kuma kyauta ce aka kawo daga waje suna Turanci, akwai ma wanda na taɓa gani yana Jamusanci, don haka tun ranar da ka fara aiki a wuri ka haddace yadda naku yake rubuta abu huɗu: matsi ya hau, matsi ya faɗi, babu numfashi, oksijin ya yanke. Ja shi ne na gaggawa, rawaya na bi masa.

Sai ka kalli mutum. Ƙirji na ɗagawa? Duka ɓangare biyu ko ɗaya? Saturasiyo nawa ce, sautinta yana nan ko yana sauka? Kapno, mai auna CO2 da mutum ke fitarwa, na zana tudunta ko layi ya miƙe ɗoɗar? Kar ka jira leɓe ya yi shuɗi, a fatarmu baya nunawa da wuri, ka ɗaga leɓen ka duba ciki da harshe, ka leƙa ta saman zanen aiki kaga launin jinin da dokta ke gogewa, in ya fara duhu kaima ka san inda aka dosa.

Daga nan oksijin 100%, buɗe shi lita 10 ko fi, juya inji zuwa hannu, ka kama balon, jakar injin da ake hura iska da hannu, ka matsa sau uku huɗu. Wlh babu allon da ya kai tafin hannunka faɗin gaskiya a wannan lokacin. Ko dai kaji balon ya yi tauri kamar kana matsa ɗanyen mangwaro, iska ta ƙi shiga, ko kuma kaji shi laɓe-laɓe kamar tsohuwar leda, kana cikawa yana zubewa. Waɗannan biyun su ne manyan hanyoyi, duk sauran bayanin da ke ƙasa reshensu ne. In kuma ka matsa kaji daidai, ƙirji na tashi, kapno na zane, to mutum lafiya, tiyo lafiya, matsalar tana wajen resfirate ɗin, ɓangaren da ke hura numfashi da kansa, ko saitin da aka yi masa, ka ci gaba da hannu kana dubawa a natse.

Ka buɗe baki kuma. Yara da yawa kunya ke kashe su, suna gumi su kaɗai a bayan zane kar ace basu iya ba. Faɗi da ƙarfi, "Dokta dan Allah a ɗan dakata, ina da matsala da numfashi." "Majo, a kira min mutum ɗaya." Majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya na wurin. Babu likitan kirki da zai ji haushin wannan.

In ka matsa balon baka gane komai ba, ko saturasiyo na ci gaba da sauka, kar ka tsaya gardama da inji. Cire tiyo gaba ɗaya daga bakin sondi, har filta da ɗan gwiwar nan duk ka cire, ka haɗa ambu, jakar hura numfashi da hannu wadda bata buƙatar inji, kai tsaye a kan sondi, da oksijin daga wata kwalba daban, da jakar bayansa a maƙale, don in babu jakar oksijin da ke shiga bai kai yadda kake zato ba. Nan take magana ta rabu biyu. In ambu na tafiya salin alin, laifin na inji ne ko tiyo ko filta. In ambu ma ya yi tauri, to sondi ce ko huhu, ka bar inji ya yi ta kukansa.

Abu ɗaya da ake mantawa anan: da ka koma ambu, gas ɗin barcin da mutum ke shaƙa, halotan ko izofluran, ya yanke, kuma in an bashi kurar, maganin da ke sakin tsoka, bazai iya motsa ko yatsa ya nuna maka ya farka ba. Sa a miƙo maka ketamin ko furofofol ka riƙa bashi kaɗan-kaɗan ta jijiya har ka dawo kan inji.

In matsi ne ya hau

Babba mai lafiyayyen huhu, kana bashi ml 6 zuwa 8 a kowane kilo, matsin samansa yawanci baya kai 30. Kuma kilo ɗin da ake nufi na tsayinsa ne, ba na tumbinsa ba, huhun mai ƙiba bai fi na siriri girma ba. In kaga lamba ta tashi daga 18 ta koma 35, akwai dalili, kuma ƙara iyakar alam zuwa 50 don ya yi shiru ba gyara bane.

Malamanmu sun koya mana kalmar DOPE, wato sondi ta gusa, ko ta toshe, ko iska ta taru a ƙirji, ko kayan aiki. Tana da amfani, amma ni da hannu nake bi, daga inji har baki.

Bi tiyo da yatsunka. Tayar inji ta taka shi? Ya maƙale a ƙarfen gado lokacin da aka ɗaga kai? A aikin maƙoƙo ko na fuska inda kan mutum ke ƙarƙashin zane, sau da yawa gwiwar hannun mai taimaka wa dokta ce ta kwanta a kan sondi, shi bai ma sani ba. Sa hannu a ƙarƙashin zanen ka laluba. Sondi in ta daɗe a baki ta ɗumama laushi take yi, tana iya lanƙwashewa can bayan harshe inda ido baya gani, balle ƙananan nan na yara.

Duba haƙora. In barci ya yi sama mutum cizo yake, ƙara masa barci ka sa kanil Gedel, lanƙwasasshiyar robar nan ta baki. Kar ka raina cizon nan, saurayi mai ƙarfi in ya datse sondi yana jan numfashi da ƙarfi, ruwa na iya taruwa masa a huhu, sai kaga kumfa ja-ja na fitowa.

Duba lambar da ke bakin haƙori. Mace wajen 21, namiji wajen 23, yaro kuma shekarunsa ka raba biyu ka ƙara 12. In ka ɗaure a 21 yanzu kaga 25, ta zurma reshen dama, huhu ɗaya kake hurawa. Ko lambar bata canza ba ma tana iya faruwa, in an sunkuyar da kai wajen ƙirji sondi na ƙara nutsewa, haka in an hura ciki da gas don aikin kamara ko an karkata gado kai ƙasa. Sa siteto, abin sauraren ƙirji, a hammata biyu, kar ka tsaya a tsakiyar ƙirji, can sauti na tsallakowa daga ɗaya gefen ya yaudare ka. In hagu shiru, sace balone (ɗan balan-balan da ke ƙarshen sondi), ja sondi baya santimita ɗaya ɗaya kana saurare, hura balone, sake ɗaurewa.

Sai ka zura siririn tiyon zuƙa a cikin sondi. Wannan gwaji ne kuma magani ne. In ya wuce har ƙasa, hanya a buɗe take, ka zuƙe majinar da ke ciki. In ya tsaya a hanya, sace balone tukuna ka sake gwadawa, don balone da aka cika fiye da kima na iya lanƙwasowa ya rufe bakin sondi. In har yanzu ya ƙi, cire sondin ka hura da mask ka sa sabuwa. Lokacin hunturu da ƙura ta cika gari kusan duk yaron da aka kawo da mura yake zuwa, kuma sondi mai lamba 3.5 ko 4 ɗan gudan majina kamar ƙwayar gero biyu ya ishe ta. Filta ma haka, in jini ko ruwa ya jiƙa ta, ta zama marfi.

In duk waɗannan lafiya, koma kan mutum. Mafi sauƙi shi ne kurar ta sake shi, zaka ga ɗan tsagi a saman tudun kapno, kaji dokta na cewa ciki ya yi tauri hanji na turowa. Ƙara barci da maganin zafi, sannan kurar in aiki da sauran tafiya.

Na gaba shi ne hanyoyin huhu su matse. Zaka ji fito a siteto lokacin fitar numfashi, tudun kapno ya daina zama shafaffe a sama ya koma hawa a karkace. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ƙirjin da ko fiton babu, don iskar da zata yi fiton ma bata shiga. Ƙara gas ɗin barci, ko ka bada ketamin, su biyun duk suna buɗe huhu. Fesa salbutamol ta cikin sondi sau 8 zuwa 10, biyu basu isa ba don yawancinsa a jikin roba yake maƙalewa. Rage yawan numfashi a minti, ka bar wa fitar iska lokaci mai tsawo, in ba haka ba kana tura sabuwa tsohuwa bata fita ba, ƙirji ya cika tansiyo, wato matsin jini, ta faɗi. In hakan ta faru cire tiyo na ƴan daƙiƙu iska ta fice.

Kuma duk sanda kaga huhu ya matse tare da faɗuwar tansiyo, tambayi kanka me na bayar yanzun nan. Antibiyotik? Suksa ko wata kurar? Jini? Jiki na iya ƙin magani farat ɗaya, kuma ƙurajen da littafi ke faɗa basu cika nunawa a baƙar fata ba, ga shi ma an rufe mutum da zane. Maganinsa adrenalin, ba hidrokotizon ba, shi wannan daga baya ne. Narka mg 1 a cikin ml 10, kowane ml ya zama mikrogram 100, ka ba babba rabin ml ta jijiya, ka maimaita in bai amsa ba, ko ka bashi mg 0.5 a tsokar cinya. Tsayar da abinda kake zargi, buɗe ruwa ya zuba. In halotan kake amfani da shi ka sa ido kan bugun zuciya, shi da adrenalin basa shiri.

Na ƙarshe kuma mai saurin kisa, iska ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Mu nan da hatsarin moto baya ƙarewa, a kawo mutum don karayar cinya ko fashewar saifa alhali akwai haƙarƙarin da ya tsage ba a lura ba, kai kuma kana hura masa iska da matsi. Gefe ɗaya shiru, matsi na hawa, tansiyo na faɗuwa, jijiyoyin wuya sun kumbura, kuma ka riga ka tabbatar sondi bata zurma ba. Kar ka aika neman hoton ƙirji. Ɗauki babbar kanila, 14 ko 16, ka soka a gefen da ya yi shiru, ko a rami na biyu tsakanin haƙarƙari daidai tsakiyar ƙashin wuya, ko a na huɗu zuwa biyar ɗan gaban tsakiyar hammata, kana bin saman haƙarƙari don jijiya a ƙasansa take. Sannan dokta ya sa diren, tiyon da zai ci gaba da fitar da iskar.

In injinku na nuna matsi biyu, na ƙololuwa da na tsayawa, akwai ɗan taimako: na ƙololuwa kaɗai ya hau, hanya ce ta ƙuntata. Su biyun suka hau tare, huhu ne ko ƙirji ya ƙi buɗewa.

In matsi ya faɗi, ko ya ce babu numfashi

Nan balon baya cika. Ɗauka tiyo ya cire har sai ka tabbatar ba haka bane, kuma inda ya fi cirewa shi ne mahaɗar sondi da tiyo, musamman bayan an juya mutum ko an ja gado. Fara daga baki, bi kowace mahaɗa da hannu kana dannawa kana murɗawa har jikin inji. Kar ka yarda da ido kaɗai, mahaɗa na iya zama a wurinta amma a sake. Duba ɗan ramin da siririn tiyon kapno ke shiga, in marfinsa ya faɗi nan ma iska na gudu.

In tiyo lafiya amma kapno layi miƙaƙƙe, sondi ta fita ko tana hanyar abinci har sai ka gani da idonka. Ɗauki laringo, abin leƙa maƙogwaro, ka leƙa. Tururin da ke cikin sondi ba hujja bane, sautin da kake ji a ƙirji ma na iya zama daga tumbi yake. Ko da zuciya ce ta tsaya, muddin sondi na daidai, in ana danna ƙirji kapno na nuna ɗan tudu ƙarami, bata miƙewa sarai. In kana kokwanto, cire ka hura da mask.

Akwai kuma inda tudun yana nan amma yana ta ƙanƙancewa, 35, 25, 15, alhali iska na shiga daidai. Wannan ba inji bane, jini ne baya isa huhu. Taɓa jijiyar wuya, auna tansiyo, leƙa kwalbar zuƙa da ƙasan gado kaga jinin da ya zuba.

Balone in ya sace zaka ji gurgur a maƙogwaro da warin gas. Ƙara masa iska, matsinsa 20 zuwa 30 ake so in kuna da abin aunawa. In ya fashe, canza sondi ya fi, in kuma yanayi bai bari ba ka cusa jiƙaƙƙen kwamfires, ƙyallen goge jini, a maƙogwaro na ɗan lokaci, amma ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, a rubuta, don kwamfires da aka manta a maƙogwaro kashe mutum yake bayan an cire sondi.

Sai ƙananan abin kunya da kowa ya taɓa yi: ka sa sondi ka ɗaure ka manta baka kunna resfirate ba. Ka bar makunnin a hannu. Kana hannu bawul ɗin APL, mai sakin rarar gas, a buɗe wangam. An yi wa yaro aiki da safe da ƙaramin balon ɗin yara ta ƙofar gas ta gefe, ba a mayar da makunnin ba, gas na zuba a iska. An cika halotan ba a ɗaure marfin ba, ko tukunyar gas ɗin bata zauna daidai a mazauninta ba. Tiyon hanci da aka yi niyyar tumbi ya shiga maƙogwaro aka haɗa shi da zuƙa, yana kwashe duk abinda kake hurawa.

Amma wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya gwangwanin sho ne, farin tsakuwan nan mai shanye CO2. Wani dare ina gadi a wani asibiti, cikin zafin watan Afrilu, aka kawo sezariyen, aikin ciro jariri, ta gaggawa, jini na zuba, ba halin allurar baya. Na sa sondi lafiya, na gani da idona ta wuce, na juya kan inji sai zugazugin nan na cikin gilashi ya faɗi ƙasa ya ƙi tashi. Na koma hannu, balon kamar leda. Na bi tiyo tas babu komai, sitajiyan da ke tare da ni sai danna maɓallin oksijin yake yana cewa "Yaya baya cika, yaya baya cika." Na ce bar shi, miƙo ambu. Da ambu ƙirji ya tashi, saturasiyo ta dawo, na bashi ambu ya riƙe, na tura ketamin, na durƙusa da fitilar waya. Ashe da yamma an canza sho, ƙwaya biyu suka hau kan robar bakin gwangwanin, aka rufe a haka. Na goge da yatsa na mayar, shi kenan. Wanda ya canza bai gwada ba, nima da na karɓi gadi ban gwada ba, don haka ban ga wanda zan yi wa faɗa ba.

Ka san irin zugazugin injinka. Wanda ke tashi sama lokacin fitar numfashi, in tiyo ya cire faɗuwa yake, ka gani nan da nan. Tsoffin da ke rataye suna sauka ƙasa, nauyinsu na ja musu iskar ɗaki, sai su ci gaba da kai da komo kamar komai lafiya. Masu fistan irin Dräger Fabius kuma babu zugazugin kallo, balon da allo zaka duba. Maɓallin oksijin na gaggawa kuwa lita 35 zuwa 75 yake turowa a minti, kar ka danna shi lokacin da inji ke tura numfashi, balle a kan yaro.

Matsin da ya hau ya ƙi sauka

Balon na ta kumbura kamar zai fashe, allurar agogon matsi ta tsaya sama. Cire tiyo daga sondi nan take, sannan ka nemi dalili. Ko APL a rufe, ko faifan bawul ɗin fitar numfashi ya manne saboda danshi, ko hanyar fitar da gas ta toshe. A wurare da yawa hanyar nan tiyo ne kawai aka zura ta taga, a taka shi da kujera, ko zanzaro ya yi gininsa a bakin. Fita waje ka duba shi lokaci lokaci.

Oksijin da wuta

Wannan namu ne na kullum. In kaji fiton yankewar oksijin, buɗe kwalbar ajiya, in na bango kuke amfani da shi zare tiyon bangon, rage lita zuwa abinda ya wajaba, ka koma hannu. Dalili, injin da ke da zugazugi da oksijin yake tura shi, kusan yawan abinda mutum ke shaƙa a minti haka yake ci. Yi lissafi: girman kwalba sau abinda agogonta ke nunawa. Mai lita 5 a bar 200 lita 1000 ce. In ta sauka bar 50 saura 250, a lita 2 da hannu kana da wajen awa 2, in ka bar resfirate na cin wasu lita 6 a kai, rabin awa ne. Faɗa wa dokta lambar, shi ma ya san yadda zai yi da hannunsa. Makullin kwalba kuma a ɗaure shi da igiya a jikin inji, ranar da kake nemansa ranar ce wani ya ara.

Konsantirate, injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, na bada wajen 90 zuwa 95%, amma da wuta ta ɗauke ya tsaya, kuma in ƙura ta toshe soson bayansa ko aka buɗe shi fiye da ƙarfinsa oksijin ɗin raguwa yake. Wanke soson duk sati, a hunturu ma fiye. Injuna irin Glostavent da UAM an yi su ne don wurare irin namu, in gas ya yanke suna jan iskar ɗaki barci ya ci gaba, amma iskar ɗaki 21% ce, idonka na kan saturasiyo.

In alam ya ce oksijin ɗin da ke shiga ya yi ƙasa, kar ka yi saurin cewa ai sel ɗin da ke auna oksijin ne ya tsufa. Eh yana tsufa, amma ka ɗauka gaskiya ya faɗa, koma wata kwalba da ka tabbatar, daga baya ka cire sel ɗin a iskar ɗaki kaga ko zai nuna 21. Launin kwalba ma kar ya ruɗe ka, a tsarin Turai kafaɗar ta oksijin fara ce, a Amurka koriya ce, mu kuma kaya daga ko'ina suke zuwa mana. Karanta rubutun jiki.

Wuta in ta ɗauke, batirin inji in sabo ne zai kai ka rabin awa ko fi, wanda ya sha zafin Garwa shekara da shekaru kuwa kar ka dogara da shi. Fitilar goshi, ƙaramin saturomet mai batir irin rawayan nan na Lifebox, ambu, ketamin a sirinji, su kasance inda hannunka zai kai cikin duhu.

CO2 na hawa

In gindin layin kapno ya daina taɓa sifili, mutum na sake shaƙar abinda ya fitar. Ko sho ya ƙare, ko faifan bawul ya maƙale a buɗe. Buɗe gas ya wuce abinda yake shaƙa a minti, ka canza sho in an samu sarari. Sho da ya gaji yana komawa launin shuɗi-ja, amma in ya kwana sai ya sake yin fari kamar sabo, don haka farin safe ba shaida bane. In kuma gindi na sifili amma lambar na ta hawa duk da ka ƙara numfashi, zuciya na gudu, jiki ya sandare, bayan suksa ko gas, tuna da mugun zazzaɓin anestezi. Kashe gas, oksijin da yawa, sanyaya jiki, dantrolen mg 2.5 a kowane kilo in akwai.

Alam na ƙarya ma akwai, ruwa a cikin abin auna iska, ƙoƙon ruwan kapno ya cika, ko iyakar babba aka bari aka kwantar da yaro mai kilo 10. Amma sai ka gama duba mutum kake da ikon kiransa ƙarya.

Gwajin safe, da na karɓar gadi

Minti 5 ne. Ambu na nan kuma ka matsa shi ka toshe bakinsa kaji yana riƙe iska. Zuƙa na ja. Kwalbar ajiya ka buɗe ka karanta ka rufe. Rufe APL, toshe mahaɗar Y, inda tiyo biyu suka haɗe, da babban yatsa, cika har 30, ka ƙirga daƙiƙa 10 allura bata sauka ba, ka sake yi da tukunyar gas a buɗe, sannan ka saki matsin ta hanyar buɗe APL don kaga shi ma yana aiki. Maƙala wani balon a bakin Y a matsayin huhu, kunna resfirate kaga yana cika yana sacewa, faifan bawul biyu na rawa, sai ka cire balon ɗin da gangan kaji ko alam zai yi kuka. In bai yi ba, yau kai ne alam ɗin. Takardar duba aikin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ma tana tambaya kafin a sa barci ko an duba inji da magunguna, kar ka amsa eh don kowa na jira.

Duk sanda aka canza tiyo, ko sho, ko aka cika gas, a sake gwajin 30 ɗin nan. In kuma inji ya yi maka wani abu da baka gano kansa ba, kar ka tura shi lungu ka yi shiru. Manna filasta a fuskar allon, rubuta abinda ya yi da kwanan wata, ka faɗa wa majo da wanda zai karɓe ka baki da baki kafin ka cire bulus.